Takalmin da Muka Baro a Damagaram

Haƙƙi ne a kan duk wanda jama'a suka naɗa jagoran tafiya ya tsare mutuncin matafiya da kayansu, kada kuma ya taɓa abin wani sai da izinin mai shi. Wannan haƙƙi ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata ta ɗora wa shugabanta, Alhaji Lawal, ranar da muka zauna muka amince da zuwa hutu Damagaram. A wannan zama aka ɗora masa wani nauyi na biyu, ni ne ma na karanta shi a gaban kowa a matsayina na magatakarda: shi ne zai tanadi kyautar da za a yi wa mai masaukinmu ranar sallama.

Tun da muka dawo Daura ban samu sakat ba. A ƙofar masallaci, a majalisar yamma, har a wurin jana'iza, sai wani ya matso ya ce, "Magatakarda, yaya Damagaram?" Wasu labarin kasuwa suke son ji, wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin cewa wani abu ya faru. Na ga ya fi dacewa in rubuta sau ɗaya, da daɗin da rashin daɗin, yadda idona ya gani.

Da hantsi muka tashi a bas ɗin haya, muka bi ta Mai'aduwa zuwa Kongolam, inda muka canji sefa. A ɗaya ɓangaren iyakar wani jandarma ya karɓi katunanmu, ya dubi wannan farin gemu ya dubi wancan, ya tambayi abin da zai kai mu. Alhaji Buba, tsohon malamin dabbobi, Bafulatanin da bakinsa ba ya hutawa, ya ce hutu za mu.

"Hutu?" in ji jandarman. "Baba, ai ku masu fansho ne. Daga me za ku huta?"

"Daga jikoki," in ji Alhaji Buba. "Kai ma ka jira naka."

Jandarman ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya miƙo mana katunanmu, ya yi mana fatan sauka lafiya.

Abokin zamana a mota shi ne Malam Hamisu, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai ƙarancin magana. Tun daga Daura na lura yana riƙe da wani kwali a cikin leda bisa gwiwarsa, bai yarda an haɗa shi da kaya ba. Sai da muka wuce Matamaye na tambaye shi. Ya zaro ya nuna mini. Sawun ƙafa biyu ne aka zagaye da biro. Ta hagu kamar ta kowa, ta dama kuwa faɗinta ya kusa ninka ta. Akwai kuma wani zare mai ƙulli-ƙulli, wanda ya ce da shi ya auna tudun ƙafar da wuyanta.

Ƙafafun matarsa ne, Hajiya Binta. Ciwon suga ya kwantar da ita shekarun baya. Ta tashi, amma ƙafar dama ba ta koma yadda take ba. Silifas ɗin kasuwa ba ya shiga. Ya sa an ɗinka mata a gida har sau biyu, maɗaurin ya ji mata ciwo, likita kuma ya ja musu kunne cewa ƙaramin rauni a wannan ƙafa ba ƙarami ba ne. Daga nan sai ta koma naɗe ƙafar da tsumma, ta kuma daina fita ko'ina. Ga shi jikarsu ta sauke Alƙur'ani, an sa ranar walima a ƙarshen wata a gidan surukansu, ita kuwa ta ce ba za ta shiga cikin mutane da tsumma a ƙafa ba.

"An ce mini a can akwai masu jeme fata ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya," in ji shi. "Ba don wannan ba, Magatakarda, ina ni ina hutu?"

Mai masaukinmu, Alhaji Mamman, abokin shugaba ne tun zamanin da suke fataucin shanu. A unguwar Zango yake. Ya kwashe samarin gidansa ya ba mu ɗakunansu da zaure, ya hana mu ko maganar otel. Tuwon gero da miyar kuka sak irin na gida, Hausarsu ma kusan tamu ce, sai dai in sun ce lakwal kai ka ce makaranta, in sun kira kabu-kabu kai ka kira acaɓa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa kuma ya gwada haƙoran da yawa daga cikinmu. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne shayi. Aka miƙo mini wani ɗan kofi mai ɗaci, na shanye, na yi godiya, na miƙe. Alhaji Mamman ya ce, "Malam, mun yi maka laifi ne?" Ashe zagaye uku ake yi, wanda ya tashi a na farko kamar ya ce zaman bai yi masa ba. Na koma na zauna, ban sake wannan kuskure ba.

Kwanakin farko duk gaishe-gaishe suka cinye su, domin shugaba yana da abokai da yawa, kowanne kuma sai an je an ci abincinsa. Malam Hamisu bai yi ƙorafi ba, yana dai bin ayari da kwalinsa. Ranar Alhamis, wadda ita ce ta ƙarshe kuma ita ce ranar babbar kasuwa, shugaba ya tsaya bayan karin kumallo ya ce, "Yau ba tsari, ba gaisuwa. Kowa ya bi inda ransa ke so." A gaskiya ban taɓa jin sanarwar da ta yi mini daɗi irin wannan ba.

Ni da Malam Hamisu muka fara da rumfunan dukawa. Na farko ya dubi kwalin ya girgiza kai. Na biyu ya ce sai mako mai zuwa. Na uku, wani dattijo mai suna Malam Ili, ya ajiye aikin da ke hannunsa, ya shimfiɗa kwalin a ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi inda fatar ƙafar ta fi taushi, da inda maɗaurin baya ya ci ta. Malam Hamisu ya cire nasa takalmin, ya ɗora ƙafarsa a kan kujera yana nunawa da yatsa, nan ne, da nan, nan kuma ko zare ba ta jurewa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Wanda duk ya ga yadda ya san wannan ƙafa ya san wa yake wanke ta kullum.

Malam Ili ya ce a dawo bayan la'asar. Malam Hamisu ya gyara zama da nufin ya jira a nan.

"A'a, Baba, tashi ka je ka ga gari," in ji badukun. "In kana kallona hannuna rawa yake yi. Ka zo Damagaram ka koma ba ka ga komai ba sai rumfata? Me za ka faɗa wa Hajiya in ta tambaye ka?"

Wannan magana ta ƙarshe ce ta tashe shi.

Muka hau kabu-kabu zuwa Birni, tsohon gari, inda muka tarar da Alhaji Buba da wasu mutum biyu. Muka yi ta bin lunguna a hankali, ba mai gaggauta wani. Gidajen ƙasa ne masu zane a fuska, irin waɗanda a Daura muke rushewa mu sa bulo. Ga manyan duwatsu a tsakiyar unguwa, wasu gidajen ma jingine suke da su. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta ji Hausarmu ta ce, "Daurawa ne?" Muka ce ƙwarai. Ta ce kakarta daga garin Babban Mutum na ƙasar Daura aka auro ta, saboda haka ba za mu wuce ba sai mun ci. Muka zauna a inuwar dutse muka ci. Malam Hamisu yana ta tambayarta sunayen unguwanni yana maimaitawa a hankali, don ya kai labari gida daidai.

Daga nan muka shiga kasuwa. Lissafinsu na dala, wato sefa biyar-biyar, ya rikita mu da farko, har muka gane kansa. Na sayi dabino da cuku da ɗan turaren wuta. A rumfar wani mai huluna ne aka yi abin da har yanzu in na tuna nake murmushi. Mai rumfar Babarbare ne, da tsagensa a fuska. Yana ganin Alhaji Buba sai ya miƙe ya ce, "La ilaha illallahu! Wa ya bar wannan ya shigo gari? Ina ka baro shanun?"

"Na bar su wurin ubangidanka," in ji Alhaji Buba. "Ni na zo duba bayina ne, in ga ko kuna cin abinci."

Kafin ya rufe baki mutumin ya fizge hular Alhaji Buba ya cusa a ƙarƙashin tabarma, ya ce Bafulatani da hula irin wannan ɓarna ce, malfa ta ishe shi. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba baƙo ba ne a wurinmu, amma ban taɓa ganin an yi shi da mutumin da ba a taɓa gani ba, a tsakiyar kasuwa, jama'a sun taru suna ba kowa gaskiya. Alhaji Buba ya tsaya da sanƙonsa a rana yana rantsuwar sai ya kai ƙara. Sai da ya sayo goro ya fanshi hularsa, mai rumfar kuma ya ƙara masa wata sabuwa kyauta, ya ce don kada a ce ya bar bawansa a wulaƙance. Malam Hamisu ya yi dariya har da hawaye. Ni dai tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan.

A bakin kasuwar muka haɗu da shugaba, ana biye da shi da buhun dabino da ƙullin kilishi da bargo biyu. Na ja shi gefe na ce, "Shugaba, kyautar mai masauki fa? Gobe da safe za mu tashi."

"Magatakarda, yau ma aiki?" in ji shi. "Ka huta mana. Na san abin da nake yi."

Na rubuta wannan ne don a san an tuna masa, kuma a kan lokaci.

Da azahar garin ya kwanta gaba ɗaya. Wannan ma al'adarsu ce: shaguna a rufe, tituna ba kowa, sai rana ta yi sanyi. Mu ma muka yi salla, muka ci dambu da zogale, muka miƙe ƙafa a zaure. Ina ganin da za mu ari wannan ɗabi'a da hawan jini ya ragu a Daura.

Bayan la'asar muka koma wurin Malam Ili. Ya gama. Na riƙe takalmin da hannuna, saboda haka ina iya bayyana shi. Fatar akuya ce ja, mai laushin gaske. Na hagu takalmi ne kamar kowane. Na dama kuwa faɗi gare shi, an shimfiɗa auduga a cikinsa an rufe da fata, ba ɗinki ko ɗaya a inda zai taɓa jiki, maɗaurinsa kuma mai faɗi ne, ana iya sassauta shi ranar da kumburi ya ƙaru. Ya yi wa duka biyun ado iri ɗaya, ta yadda in zane ya sauko a kansu ba mai lura da bambanci. Sai ya ɗauko wata jakar fata mai geza, irin wadda ake rataye wa a bango don kyau, ya sa takalmin a ciki tare da kwalin da zaren, ya ce jakar tasa ce, a kai wa mara lafiya, Allah ya ba ta sauƙi.

Malam Hamisu bai iya jira ba. A nan bakin rumfar ya kira Hajiya Binta a waya. Ina tsaye kusa, na ji muryarta.

"Hajiya, an samu," ya ce.

"Malam, kada ka sa mini rai."

"Ga shi a hannuna. Ki aika a gaya musu kina zuwa walima."

Sai ta ce, "To wane zane zan ɗaura da jan takalmi?" Ya ce wannan kuma ba hurumin tsohon ma'aikacin gidan waya ba ne. Muka koma masauki a ƙasa, muna tafe muna tsayawa, ya sayi ƴan kunne na jikarsa, ni na sayi wuƙar Buzaye da ban san abin da zan yi da ita ba. Da a nan tafiyar ta ƙare, da na ce ban taɓa yin yini mai daɗinsa ba tun da na bar aiki.

Da safe direba ya ɗaure kaya. Ya karɓi jakar daga hannun Malam Hamisu ya ɗora ta a kujerar gaba, don kada wani kaya ya danne ta. Muka taru a ƙofar gida don sallama, maƙwabta ma suka fito. Sai ga Alhaji Mamman an biyo shi da kilishi da dabino, ƙulli-ƙulli, kowa da nasa. Na dubi shugaba. Na ga fuskarsa ta sauya, na kuma gane nan take bai sayi komai ba. Ya juya ya nufi mota kamar wanda ya manta wani abu, ya leƙa, ya dawo riƙe da jakar nan mai geza a hannu biyu. Ya yi jawabi mai kyau a kan zumunci da maƙwabtaka, ya ce ga ɗan abin da ƙungiya ta tanada, ba yawa, a yi haƙuri.

Na buɗe baki. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Malam Hamisu ne. Ya ce a hankali, "Magatakarda, don Allah. Ba a ƙofar mutumin da ya ciyar da mu ba."

Alhaji Mamman ya karɓa, ya sa albarka, ya yaba ɗinkin jakar. Kamar yadda muke yi a gida, bai buɗe ta a gaban masu bayarwa ba, ya miƙa aka shiga da ita ciki. Muka shiga mota.

Na yi haƙuri har muka fita gari, sannan na ce, "Shugaba, ka san abin da ka bayar?"

"Jaka ce. Ta Alhaji Buba ce ko? Zan saya masa wata."

Na faɗa masa ko ta wace ce da abin da ke cikinta. Shugaba ya juyo ya dubi Malam Hamisu. Ya ce, "Wallahi, Malam, ban san abin da ke ciki ba."

"Ai laifin ke nan," na ce. "Ka ba da abin da ba naka ba, ba ka ma san ko mene ne ba. A juya mota."

"Mu koma mu ce masa me? Ba mu kyautarmu? A gaban maƙwabtansa? Da wace fuska, Magatakarda?"

"Da wadda ka yi jawabi da ita," in ji Alhaji Buba daga baya.

Aka rabu biyu, wasu na cewa a koma, wasu na cewa abin kunyar ya yi yawa, ai akwai dukawa a Daura. Malam Hamisu ne ya kashe maganar. Ya ce yau Juma'a ce, kada a rasa salla a hanya saboda shi, a bar zancen. Daga nan har Kongolam hannunsa na bisa gwiwarsa, inda kwalin ya zauna a zuwa.

Ba na cewa Alhaji Lawal mugun mutum ne. Shi ya samo mana masauki, da ɗayanmu ya kwana da zazzaɓi shi ya fita neman magani. Kunya ce ta kama shi a ƙofar abokinsa, ya fitar da kansa da abin da hannunsa ya fara kaiwa. Amma kunyar bai kashe ta ba, ya sauke ta ne a kan wanda bai iya ƙorafi.

Ni na raka Malam Hamisu gida da kayansa. Na tsaya a soro ya shiga. Gidan ƙarami ne, ana jin magana. Hajiya Binta ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Damagaram. Ya ba ta dabino. Can ya ce, "Hajiya, takalmin nan an yi kuskure, an yi kyauta da shi."

Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta ce, "To. Allah ya sa ya yi wa mai shi daidai."

Takalmin nan ba zai yi wa kowa daidai ba a duniya sai ita. Yana can a gidan mutumin kirki wanda ya buɗe jaka ya tarar da takalmin mace, ɗaya ya fi ɗaya faɗi, da kwali mai sawun ƙafa, a matsayin godiyar dattawan Daura. Bai kira ba, domin mai kara ne. Shugaba ma bai kira ba, duk da na same shi a gida na roƙe shi. Ko da ya kira ma, abin da aka miƙa hannu da hannu a ƙofar gida ba a karɓo shi ta waya. A ƙofar ake komawa.

Saboda haka, a matsayina na magatakarda kuma shaidar gani da ido, ina roƙon kwamitin ƙungiya ya kira zaman gaggawa a cikin wannan mako, ya binciki abin da na bayyana, ya kuma ji ta bakin shugaba da direba da Alhaji Buba. Idan aka tabbatar, ina roƙon a umarci shugaba ya koma Damagaram da ƙafarsa, da kyautar da tun farko aka ɗora masa, ya faɗa wa Alhaji Mamman gaskiya, ya karɓo jakar da duk abin da ke cikinta, ya kai ta gidan Malam Hamisu da hannunsa. Na ɗauki alkawarin raka shi, in tsaya a gefensa a ƙofar, don kada ya ɗauki kunyar shi kaɗai. Ina kuma roƙon kada a tambayi Malam Hamisu ko ya yafe, domin kowa ya san zai ce ya yafe, da haka kuma za a rufe maganar.

Idan kwamiti ya ga ba zai iya zama ba, a sanar da ni da wuri in nemi mota da kaina. Walima a ƙarshen wata take, Hajiya Binta kuwa ta riga ta aika cewa tana zuwa.

Magatakardan ƙungiya,
Daura.